Ƙafafun Muhsina

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Alhaji Ummaru a Kambarawa, don haka ba zan iya cewa ban ji ba. Na ji. Abin da kunnena bai kai gare shi ba, Ladi ce ta zaunar da ni daga baya ta faɗa mini, tana faɗa tana tsince shinkafa, ko ɗigon hawaye babu a idonta.

Tun da Alhaji ya sa sola, talabijin ɗin falonsa bai ƙara hutawa ba. Daga hantsi har magariba abin da ke tsallako katanga ɗaya ne: ihun 'yan kallo, ƙarar ƙato ya faɗi a kan ƙato, sai kuma ruwan harsashi. Nabil ne mai falon. Shekararsa sha biyar, shi ne auta kuma shi kaɗai ne namiji, yayyensa mata duk suna ɗakin miji. Idan ya gaji da kokawar Turawa ya koma wasan harbe-harbe a waya, idan caji ya ƙare ya dawo kokawa.

Ladi 'yar ƙanin mahaifin Alhaji ce. Ta zo gidan da 'yarta Muhsina, mai shekara takwas, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a ƙauyensu. Aka ba su ɗakin da ke jikin kicin. Girki da wanki da shara suka koma hannunta ba tare da an ce mata ta ɗauka ba, unguwa kuwa ta yi ta yabon Alhaji a kan zumunci. Gwaggo ya kamata Nabil ya kira ta. Ladi yake ce mata, gatsal, ba a taɓa gyara masa ba.

Wata la'asar tana wanke-wanke ta ji waƙar da Muhsina ke yi ta yanke. Ta leƙa falo da kumfa a hannu. Nabil ya zagaye wuyan yarinyar da damtsensa, idanunta sun firfito, dugaduganta na goge tayil. A talabijin wani ƙato yana yi wa wani irin wannan riƙon. Ladi ta ɓanɓare hannunsa da ƙyar. Ya yi dariya, ya ce ai laifin Muhsina ne, da ta buga ƙasa da tafin hannu da ya sake ta, haka dokar wasan take.

Ta ja yarinyar tana tari suka shiga wurin Hajiya Khadija, uwar Nabil. Hajiya na kishingiɗe da waya a hannu. Ta dubi wuyan, ta ce ba komai, ja ne kawai ya yi. Ta ce yaron ya tashi ba ƙane ba ƙanwa, yanzu Allah ya kawo masa abokiyar wasa, kada Ladi ta shiga tsakanin yara.

Shi ma Alhaji yana da nasa kallon. Duk bidiyon da aka turo masa sai ya buɗe, ko da kuwa yana tsakiyar cin abinci. Ranar wata Juma'a bayan masallaci yana cin tuwo aka turo wani: mutane a ɗaure a daji, wasu a tsaye kansu da bindigogi. Ya yi tsaki, ya ce ƙasa ta lalace, ya kai loma, ya kira Nabil ya zo ya gani. Suka maimaita har sau uku. Nabil ya ce a tura masa, aka tura. Ladi ta shigo da ruwa a faranti, muryar mutumin da ke roƙo a cikin wayar ta daki kunnenta.

"Yauwa Ladi," in ji Alhaji, yana miƙo mata wayar. "Ke da kika san wajen, duba mana ko dajinku ne."

Ta ajiye farantin ta fita. A bakin makwarara ta amayar da duk abin da ta ci.

Kwana uku bayan nan ta nemi Muhsina ta rasa, sai ta same ta a bayan gida gindin tankin ruwa. Tana durƙushe, hannuwanta a ɗaure ta baya da igiyar caja. Nabil ya naɗe fuska da mayafin uwarsa, ya ɗora mata bindigar roba a ƙeya, ya kara mata waya a baki yana cewa ta roƙi innarta ta sayar da gona ta kawo kuɗi, in ba haka ba gobe sai dai gawa. Yarinyar ba ta ko kuka. Fitsari ne kawai ke bin cinyarta.

Ladi ta ce mini ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Mari ɗaya ta yi masa.

Wannan marin shi ne kaɗai abin da gidan ya ɗauka da girma. Hajiya ta fito ba ɗankwali, tana cewa ita ba ta taɓa ɗaga wa ɗanta hannu ba, sai wadda aka taimaka aka tsamo daga ƙauye. Da Alhaji ya dawo daga ofis ya zaunar da kowa. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya. Ya ce yara abin da suka gani suke kwaikwayo, da kansu suke bari. Ya ce gara masa Nabil yana gida yana kallo da ya fita ya haɗu da ƙauraye, 'yan daban nan, a lungu. Ya ce namiji ne, zamanin nan kuma ba na rago ba ne, dole yaro ya san yadda duniya take. Daga ƙarshe ya ce Ladi ta ba yaron haƙuri a wuce wurin.

Ta ba shi. A gaban 'yarta ta russuna ta ba ɗan shekara sha biyar haƙuri, yana zaune a hannun kujera yana latsa waya.

Daga ranar Muhsina ta fara lalacewa. Ta koma fitsarin kwance. Magana ta fara sarƙe mata, sai ta yi ta nanata farkon kalma har ta haƙura ta yi shiru. Idan ta ji an buɗe get ta san Nabil ne ya dawo daga makaranta, sai ta shige bayan tukunyar gas ta dunƙule. Abinci sai an ɗura mata. Hajiya ta ce abin da ta gani a ƙauye ne yake dawo mata, a nemo mata rubutu. Ta kuma ce a riƙa shanya katifar can nesa, zarni na shigo mata ɗaki.

Nabil bai bari ba, sai dai ya koyi jiran lokacin da Ladi ta ba da baya. Yau a ga shatin yatsu a hannun yarinyar, gobe leɓe a fashe. Ladi ta je Ƙofar Sauri wurin ƙanenta Mamman, mai jan Napep, ta roƙe shi ya ɗauke su. Ɗakinsa ɗaya, da mata da 'ya'ya huɗu. Ya ce ta daure damina ta wuce, akwai ɗakin da za a tashi a gidan da yake haya. Ta dawo ta mai da Muhsina kamar jelarta. Kasuwa tare, wurin niƙa tare, ko bayi za ta shiga sai ta tsayar da ita a bakin ƙofa tana yi mata magana.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, zazzaɓi ne ya kwantar da yarinyar. Hajiya ta ce a kai markaɗe, Ladi ta ce bari ta goya ta su tafi. Hajiya ta ce wace irin uwa ce za ta fita da mara lafiya cikin rana, ta bar ta, ai ga ta nan a gida. Ladi ta ja ƙofar ɗakin ta ɗauki bokiti.

Ba ta kai bakin titi ba Hajiya ta yafa mayafi ta shigo gidana. Atamfofi na saro, ta zo zaɓe. Muna tsakar gida mun baje su a tabarma muka ji tim ta bayan katanga. Jim kaɗan muka sake ji. Na dube ta, ta ce Nabil ne da wasansa, ta ɗaga wata shuɗiya tana tambayar ko tana zuba. Na ukun ya bambanta da sauran. Ƙara ce busasshiya, daga ita kuma sai shiru. Na ji a jikina, amma na ci gaba da ninke atamfa. Wannan nawa kason ne, ban kuma ajiye shi ba har yau.

Ladi ta dawo ta tarar da Muhsina kwance a tsakiyar falo, a karkace. Nabil ya ce daga kujera ta faɗo. Yarinyar ta dubi uwarta ta ce, da ƙyar, "Inna, ina ƙafafuna?"

Hajiya ta kawo man zafi. Alhaji ya dawo ya tsaya a kanta, ya ce targaɗe ne, asibiti kuma tambayoyi ne da su kamar 'yan sanda, a kira mai ɗori. Mai ɗori ya zo ya sa aka danne kafaɗun yarinyar, ya kama ƙugunta ya ja, ya murɗa. Ihun da ta yi har gidana. Kwana biyu tana kwance ana shafa mata magani. A rana ta uku cikinta ya kumbura, fitsari ya ƙi fita, sannan Alhaji ya fito da mota.

A hanya ya yi wa Ladi bayani a hankali. Za a ce tsanin tankin ruwa ta hau ta faɗo. Ya ce ba ƙarya ce don cuta ba, rufin asiri ne na gida, yaron yana shekarar jarrabawa, kuma duk abin da asibiti ya ci shi zai biya. Da likita ya tambayi yadda aka yi, Alhaji ne ya amsa. Likitan ya juyo ya dubi Ladi. Ta sunkuyar da kai. Ta ce mini a duk abin da ya faru babu wanda ke cinta kamar wannan sunkuyon.

Hoto ya nuna ƙashin baya ya karye, laka ta taɓu. Likita ya ce da an kawo ta a ranar, a shimfiɗe ba a jijjiga ta ba, da akwai abin da za a gwada. Jan da aka yi mata shi ya ƙarasa sauran. Sati shida suka yi a asibiti. Alhaji ya biya komai, ya kuma tabbatar duk wanda ya zo masallacin unguwa ya san ya biya.

Suka dawo gida da robar fitsari da takardar sallama. Daga ƙugu zuwa ƙasa Muhsina ba ta jin komai. Duk awa biyu sai an juya ta, duk da haka gyambo ya buɗe a ƙasan bayanta. Hajiya ta ce wari na shiga kicin, aka mai da su wani ɗan ɗaki kusa da get, inda ake ajiye tsofaffin tayoyi. Girki bai sauka daga kan Ladi ba. Shi kuwa Nabil, aka ce ya shiga damuwa, ba ya cin abinci sosai, sai Alhaji ya sayo masa sabuwar waya don ya ɗan saki jiki. Sati bai cika ba ihun 'yan kallo ya dawo falo.

Har lokacin Ladi ba ta san ainihin abin da ya faru ba. Ta san ba kujera ba ce, iyakarta ke nan. Wata safiya tana goge wa Muhsina jiki, yarinyar ta fara magana tana kallon rufi, kalma ɗaya ɗaya. Ta ce Nabil ya shigo ya jawo ta daga shimfiɗa. Ya jingina waya da kwalbar fulawa don ta ɗauke su. Ya ce zai ɗaga ta sama ya sake ta a kan matashin kujera, ba zafi. Ya yi na farko, ya je ya duba wayar, ya ce bai yi kyau ba. Ya yi na biyu, ya ce ba a jin ƙara. A na uku sai ya ture matashin da ƙafa.

Ladi ta ƙarasa gugar, ta sa mata riga, ta juya ta ɓangaren hagu. Sannan ta tafi kicin ta dafa wa Nabil indomi da ƙwai, don lokacin karyawarsa ya yi.

Ba zan gyara abin da ta faɗa mini ba. Ta ce daga ranar ba ta ƙara kallon yaron a matsayin yaro ba. Idan mai ya yi zafi a kasko ya gifta ta bakin kicin, sai ta auna tazarar da ke tsakaninsu. Idan tana yanka nama ta tuna wuyansa. Ta sayi maganin ɓera wurin mai tura baro, ta ƙulle a bakin zanenta, kwana tara tana zuba masa abinci da shi a ƙugunta. Ba tausayi ne ya hana ta ba, ta ce kada in rubuta cewa tausayi ne. Tunani ta yi: idan aka rufe ta, wa zai riƙa juya Muhsina? A rana ta goma ta zuba shi a masai.

Da ta gaya wa Mamman abin da Muhsina ta faɗa mata, ya miƙe, ya ce yana da yaran da za su tare Nabil a hanyar makaranta su kakkarya shi. Ta ce ya zauna. Idan an karya shi wata biyu zai warke, a ce su ne butulu. Ita abin da take so a taɓa shi ne abin da aka sayar da ƙafafun 'yarta don a kare, wato sunan gidan. Ta tambaye shi maganar ɗakin nan, ya ce an tashi. Ta ce to ya share ɗakin, ranar Lahadi ta sama ya zo da Napep ɗinsa ya tsaya a bakin layi da ƙarfe sha ɗaya.

Ranar Lahadin ce walimar saukar Nabil. An kafa rumfuna a ƙofar gida, an shimfiɗa darduma, an jera kujerun roba har gaban gidana. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, abokan aikin Alhaji sun cika layin da motoci. Mu mata muna ciki. Ladi tun asuba take kan tukwane, ita ta yi waina, ita ta yi miya, ita ta zuzzuba a kuloli. Da ta gama ta yi wanka, ta sa wankakken zane. Na ga wucewarta zuwa ɗakin bakin get, na ga fitowarta da Muhsina a goye, ƙafafun yarinyar na reto har gwiwarta, robar fitsari a hannunta. Hajiya na can tana gaisawa da baƙi, ba ta lura ba.

A lasifika muke jin liman yana magana a kan tarbiyya, yana cewa ɗa na gari shaidar gidan da ya fito ne. Sai muka ji ya tsaya. Na leƙa ta get. Ladi ta ratsa tsakiyar maza, ta durƙusa gaban liman, ta kwance goyon ta shimfiɗe yarinyar a darduma. Makirfon na nan ajiye a kan matashi, don haka duk abin da ta faɗa, na ciki da na waje sun ji.

"Malam, a gafarce ni, na shigo cikin maza. Ɗiyata na kawo maku ku gani, tunda yau ranar nuna tarbiyya ce."

Ta ɗaga ƙafar Muhsina ɗaya ta saki. Ta faɗi kamar tsumma.

"An ce maku daga tanki ta faɗo. Ni ma na yi shiru aka faɗi haka gabana, Allah ya yafe mani wannan. Ba tanki ba ne. Yaron ga da kuka taru dominsa shi ya ɗaga ta ya maka da ƙasa, sau uku, yana ɗauka a waya. Uban ya hana a kai ta asibiti kwana biyu don kada a tambaya. Uwar ta ce wasa ne. To ga wasan nan."

Alhaji ya taso yana murmushin dole, yana cewa jama'a su yi haƙuri, tun da aka kashe mijinta kanta bai dawo daidai ba. Ya kai hannu zai kama ta. Mai unguwa, tsoho ne da ba ya son hayaniya, ya ce Alhaji ya dakata. Ya juya wurin Nabil, wanda ke zaune da babbar riga da allo a cinya, ya tambaye shi a hankali ko gaskiya ne.

Yaron ya dubi ubansa, ya dubi mutane. Ba a taɓa tambayarsa wani abu a gaban wanda ba zai kare shi ba.

"Ni ban san ba za ta tashi ba," ya ce. "Su ai suna tashi."

 Ladi ta mai da 'yarta baya, ta ɗaure, ta bi ta tsakanin kujeru zuwa bakin layi inda Mamman ke jira. Kafin azahar rumfunan sun zama wayam. Kulolin waina haka aka mai da su ciki ba a buɗe ba.

Kwana huɗu bayan nan na je Ƙofar Sauri da 'yan kayan da suka bari. Ina zaune a ɗakin sai ga sallama: liman, da Alhaji, da Nabil a bayansu. Mamman ya so ya tsayar da su a zaure. Ladi ta sunkuya ta tambayi Muhsina a kunne, yarinyar ta gyaɗa kai, sannan Ladi ta ce su shigo. Ɗakin ƙarami ne, dole suka tsaya a jikin bango.

Lokacin wankin gyambo ne, ba ta kuma ɗaga shi don su ba. Ta juya yarinyar ta fuskanci bango, ta rufe ta da zane, ta bar wurin ciwon kaɗai a buɗe. Ta ɓare auduga. Ramin ya kai faɗin murfin kofi, warinsa ya cika ɗakin. Alhaji ya kau da kai yana laluben aljihu.

"A'a, Yaya Alhaji," in ji Ladi. "Kai da ke cin tuwo kana kallon ana yanka mutane. Wannan ɗan ciwon ne zai gagare ka? Duba. Kai ma matso, Nabil. Kullum ana yanke maku kallon kafin a zo nan. To ga ƙarshensa."

Ta wanke shi a tsanake, ba ta gaggauta ko kaɗan ba. Nabil ya kai rabi, ya toshe baki ya fita da gudu, muna jin kakarinsa a tsakar gida. Alhaji ya tsaya har ƙarshe don babu hanyar fita sai ta gaban liman.

Da ta rufe ciwon, liman ya gyara murya. Ya yi magana mai kyau a kan zumunci da ladan wanda ya yafe. Ya ce Alhaji ya yi nadama, ya ɗauki nauyin yarinyar har iyakar rayuwarsa, abin da ake roƙo kawai kada maganar ta wuce nan. Ladi ta saurara har ya gama, ta wanke hannu a roba.

"Malam, yafiya dole ce ko ganin dama?"

Liman ya ce ganin dama ce. Haƙƙinta ne.

"To ban ga dama ba. Maganar kuma ta riga ta wuce nan. Jiya na koma wurin likita na faɗa mashi abin da na ɓoye, ya rubuta, Mamman ya kai ni wurin 'yan sanda. Nauyin ɗiyata kuwa ni ke ɗauka, a bayana. Ban yafe wa yaron ba, ban yafe wa uwarsa ba, kai kuma Yaya ka fi su. Shi yaro ne aka ajiye gaban abu aka tafi. Kai ka san mi kake yi."

Alhaji ya buɗe baki, ta ce lokacin juya Muhsina ya yi, su ba ta wuri.

Maganar tana kotu yanzu, ana ta ɗagawa. Ban san yadda za ta ƙare ba, kuma duk yadda ta ƙare babu alƙalin da zai ce wa yarinyar nan tashi ta tashi. An tura Nabil makarantar kwana a wata jiha. Alhaji ya daina salla a masallacin unguwa, sai ya shiga mota ya tafi wani. Hajiya ta daina gaishe ni tun da ta ji na je na ba da shaidar ƙara ukun da muka ji tare. Har yau idan ta samu mai saurare tana cewa tsautsayi ne, kuma an yi musu sakayyar alheri da sharri.

Tsautsayi ba ya ture matashi da ƙafa. Wata bakwai ana gina abin nan a gaban manya uku, ni ta huɗu ta bayan katanga, kowa da uzurinsa. A layinmu kaɗai gidaje nawa ne yaro ke zaune shi da waya daga safe zuwa yamma, ana murna ba ya yawo? Ba mai tambayar me yake kallo, balle a tambayi a kan wa zai gwada. Kuma ba a kan ɗan mai gida ake gwadawa ba. Kullum akwai wata ƙarama a gidan wadda uwarta ba ta da bakin magana.

Ladi tana sayar da waina yanzu a ƙofar gidan da suke haya. Ta sa kaskon daidai taga don ta riƙa jin motsin 'yarta. Muhsina ta fara magana ba sarƙewa, tana kuma koyon saƙa hula. Ran da na je na ƙarshe na tambayi Ladi ko zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta juya waina, ta ce kowace salla tana kiran sunayensu su uku, ɗaya bayan ɗaya, don kada a yi kuskure a can. Na tambaye ta ko nawa sunan yana ciki.

Ta kwashe wainar da ta soyu.

"Naki na cire ran da kika je kotu," ta ce. "Miƙo mani robar can."